Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ƙwadago: Mai Juna Biyu na Rasa Aiki da Katin Asibiti a Rana Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wani zalunci da ya zama ruwan dare a ma'aikatu masu zaman kansu, har ido ya saba da shi. Mace na tsaka da aikinta, ba a taɓa kuka da ita ba, sai Allah Ya ba ta juna biyu. Daga ranar da ciki ya fito fili, lissafin masu wurin ya canza. Wata a ce mata kwantiraginta ya ƙare ba za a sabunta ba. Wata a ce ana rage ma'aikata. Wata kuma a yi ta jefa mata takardar tuhuma da sauyin wurin aiki har ta gaji ta ajiye da kanta. Ranar da albashi ya tsaya kuwa, ranar katin inshorar lafiyarta yake mutuwa, alhali watannin da suka rage mata su ne waɗanda ba ta da abin da ta fi buƙata kamar asibiti.

Ni akanta ce. Na daɗe ina shirya takardar albashi a makarantu masu zaman kansu a nan Kano, saboda haka ba a bakin wani na tsinci wannan magana ba. Na san yadda suna yake ɓacewa daga jerin masu karɓar albashi a ƙarshen zango, na kuma san irin zancen da ake yi a ofis kafin ya ɓace. Ba za ka taɓa ganin an ambaci ciki a takardar sallama ba. Abin da ake rubutawa shi ne ana gyaran tsarin aiki, ko kuma a halin yanzu ba a buƙatarta.

Tun ranar intabiyu ake fara tankaɗe da rairaya. Budurwa a tambaye ta yaushe ne biki. Amarya a tambaye ta, cikin raha, ko an samu rabo. Wasu wuraren ma sai an tura mace gwajin lafiya, a cusa na ciki a ciki ba tare da an gaya mata ba. Ban taɓa zama wurin da aka tambayi namiji ko matarsa na da juna biyu ba.

Abin da wannan tsoro yake haifarwa shi ne ya fi tayar mini da hankali. Na yi aiki da wata malamar aji uku da ta riƙa ɗaure cikinta da zani tamau, ta ɗora zumbulelen hijabi a kai, don kada mai makaranta ya gane kafin a sabunta takardun ɗaukar aiki na sabuwar shekara. Awo da safe ake yi, kuma ranar aiki, don haka neman izinin zuwa awo daidai yake da tona wa kai asiri. Ba ta je ba. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma silifas, duk wanda ya tambaya sai ta ce tsayuwa ce a gaban allo. Sai da ciki ya shiga wata na bakwai ta fara taka asibiti, aka tarar jininta ya hau sosai, aka kwantar da ita a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farkon kuma a cikin mako 12 na farko. Wannan baiwar Allah ta san haka sarai, domin mai ilimi ce. Tsoron rasa albashi ne ya danne sanin.

Kuma muna magana ne a ƙasar da haihuwa take cin rayuka fiye da ko'ina. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Zubar jini, hawan jini, jijjiga, doguwar naƙuda: yawancinsu abubuwa ne da ake iya tarar numfashinsu in an je awo da wuri kuma akwai kuɗin magani. Duk wanda ya sa mace ta ɓoye cikinta, ko ya raba ta da katin asibitinta, ya tura ta ne kusa da wancan adadi.

Ka fi ni sanin Dokar Ƙwadago, ranka ya daɗe, amma zan kawo sashe na 54 saboda 'yan'uwana mata da za su karanta wannan wasiƙa, domin da yawansu ba su taɓa jin labarinsa ba. Sashen ya ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki a mako 6 na bayan haihuwa. In ta kai wata 6 tana aiki a wurin ba yankewa, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan hutu. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana ta ba jariri nono. Sannan ya haramta a miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun.

To, a nan gizo yake saƙar. Kariyar ba ta farawa sai ciki ya tsufa, hutu ya kama. Duk watannin da suka gabaci hutun sashen bai ce komai a kansu ba, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka. Shi ya sa ba a jira mace ta kawo takardar likita. Ciki na wata huɗu ko biyar ake sallamarta, sai a ce ai ba a taka doka ba.

Na biyu, sashe na 91 da ya bayyana wane ne "ma'aikaci" ya fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa daga cikin waɗanda dokar ta rufe. Ke nan ma'aikaciyar jinya, ko akanta irina, ko mai riƙe da wani sashe a kamfani, ana iya ce mata ko wannan rabin albashin ba nata ba ne, sai abin da takardar ɗaukarta aiki ta tanada. Mafi yawan takardun da suka ratsa ta hannuna shafi ɗaya ne, babu ko kalma ɗaya a kan hutun haihuwa.

Na uku shi ne ƙaramin sashe na 3 na wannan sashe na 54, wanda ya fito ƙarara ya ce babu ruwan mai ɗaukar aiki da kuɗin asibitin da mace ta kashe saboda ciki ko haihuwa. An rubuta wannan ne tun shekarun 1970, zamanin da babu inshorar lafiya a ƙasar nan. Har gobe yana nan, kuma da kunnena na ji mai makaranta ya kafa hujja da shi.

Gwamnati ita da kanta ta daɗe da gane cewa mako 12 da rabin albashi ba ya isa, tunda ba shi take ba nata ma'aikatan ba. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun aƙalla mako 16 da cikakken albashi, kuma a 2021 aka amince wa maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun mayar da hutun ma'aikatansu mata wata 6. Duk wannan abin a yaba ne. Amma jego ɗaya ne, ko a sakateriya mace take aiki ko a masaƙa. Ma'aikatar Lafiya na ta faɗakarwa a rediyo cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ga doka kuma tana mayar da uwa bakin aiki da kwana biyu bayan arba'in. Ga wani abu kuma: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan wurare ne mata suka fi yawa. Rabin abin da dama bai kai ya kawo ba, shi ake miƙa wa mai jego.

Sai maganar inshora. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin dokar tsohon tsarin inshorar lafiya na NHIS ta 1999. Sabuwar dokar ta mayar da inshorar lafiya dole, ta kuma ambaci duk wurin aiki mai ma'aikata biyar zuwa sama, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin taimakekeniya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A takarda, bai kamata a ce akwai ma'aikaciyar da za ta haihu ba kati a hannunta ba.

A zahiri kuwa rigima ce iri-iri. Wasu wuraren ba su taɓa yi wa kowa rajista ba. Wasu suna yi wa na dindindin, su bar na wucin gadi da masu zaman gwaji, kuma gwajin ba ya ƙarewa. Wasu suna cire kuɗin daga albashi duk wata, amma ba ya isa hannun kamfanin HMO, wato kamfanin da ke karɓar kuɗin inshorar ya biya asibiti, sai mace ta je asibiti a ce an dakatar da ma'aikatarku saboda bashi. Wasu kuma suna sayen tsari mafi araha, wanda ya ƙayyade abin da za a kashe a kan haihuwa, ko ya ce sai an yi watanni da rajista kafin a fara biyan kuɗin awo. Babu mai karanta wa ma'aikaciya waɗannan sharuɗɗa ranar da ake ɗaukar hotonta. Ranar naƙuda take jin su.

Akwai ƙanwata, 'yar gidan gwaggona, da ta yi aiki a kantar wani banki, amma ta hannun wani kamfanin da ke samo wa bankin ma'aikata. Cikinta na wata shida aka ce kwantiragi ya ƙare. Katinta na cikin jaka, ba wanda ya ce mata komai a kansa. Da haihuwa ta zo da gardama, likita ya ce sai an yi mata aiki, mijinta ya ruga teburin inshora. Yaron da ke wurin ya danna lambar a kwamfuta, ya sake dannawa, sannan ya juyo masa da fuskar na'urar ya ce an cire sunanta tun ƙarshen watan da aka sallame ta. Cikin daren nan mijin ya kai babur ɗinsa jingina kafin aka shiga da ita ɗakin tiyata. Allah Ya sa ita da jaririyar suka rayu. Da aka bi kadi daga baya, banki ya ce ba ma'aikaciyarsa ba ce, kamfanin da ya kawo ta ya ce yarjejeniya ta ƙare, kamfanin HMO ya ce shi jerin sunayen da aka aiko masa yake bi. Shekarun da ta yi ana biya mata kuɗin inshora tana da ƙoshin lafiya, ba ta taɓa cin ko na allura ba, duk suka tafi a banza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san hukumomin lafiya suna ƙoƙari. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. A 2025 kuma NHIA ta umarci kamfanonin HMO su riƙa bayar da lambar izinin magani cikin awa ɗaya. Amma lambar izini ga mai rajista take, wadda aka goge sunanta ba ta da abin da za ta jira. Kuma bai dace a ce macen da ta yi shekaru ana zuba mata kuɗi a asusu ta koma neman a tabbatar da cewa ita mabuƙaciya ce kafin a ceci ranta ba. Wannan giɓi tsakanin ma'aikatarka da ta lafiya yake, kuma daga ɓangarenka ya faro, domin sallama ce ta buɗe shi.

Akwai kuma wani ƙa'idi da aka gada daga tsarin NHIS na ma'aikata, cewa haihuwa huɗu ake ɗaukar nauyi. A arewa maso yamma, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace na haihuwar sama da 'ya'ya shida, wannan na nufin ana janye hannu ne daidai lokacin da ungozoma za ta gaya maka haɗari ya fara ƙaruwa. Ya kamata a sake duba shi.

Za a iya cewa ai kotu na nan. Gaskiya ne. Sashe na 42 na tsarin mulki ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki da kuma aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta rattaba wa hannu, ciki har da ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai hana wariya a wurin aiki, wadda muka shiga a 2002. Kotun ma ta taɓa yanke hukunci a Abuja a kan wata ƙungiyar agaji ta duniya da ta sallami ma'aikaciyarta bayan ta sanar da cewa tana da ciki. Kotun ta ce wannan wariya ce, ta sa aka biya matar diyya. Kotun tana da reshe a Kano da Kaduna. Amma ka dubi wadda ake cewa ta je kotu: tsohon ciki, ba albashi, ba kuɗin lauya, ga dangi na cewa ta bar wa Allah, ga tsoron kada labari ya bazu a ce mai kai ƙara ce, ba mai sake ɗaukarta. Kafin a yanke hukunci yaron ya fara tafiya. Haƙƙin da sai an yi shari'a ta shekaru ake samunsa bai kai ga talaka ba.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin ni nake riƙe da littafin kuɗi. Ƙaramar makaranta mai malamai goma sha biyu, in biyu suka tafi haihuwa a zango ɗaya, mai ita zai biya su rabin albashi, ya kuma biya waɗanda za su riƙe ajin, alhali rabin iyaye ba su kawo kuɗin makaranta ba. Wannan ba uzuri ba ne na zalunci, amma shi ne tushensa. Muddin dokarmu ta ɗora kuɗin hutun haihuwa kacokan a wuyan mutum ɗaya, to zai ci gaba da kallon kowace matashiya mai neman aiki a matsayin asara mai zuwa, ko da an ninka tarar sau goma.

Duniya ta daɗe da gano maganin wannan. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun aƙalla mako 14, da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, kuma daga asusun haɗaka ko na gwamnati, ba daga aljihun mai ɗaukar aiki shi kaɗai ba. Ta hana gwajin ciki a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Ta kuma ce in an sallami mai ciki, wanda ya sallame ta shi zai kawo hujjar cewa ba cikin ne dalili ba. Najeriya ba ta shiga wannan yarjejeniya ba har yanzu. Maƙwabtanmu na Nijar mako 14 dokarsu ta tanada, kuma asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Hukumar NSITF da ke ƙarƙashin ma'aikatarka tana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashi daga masu ɗaukar aiki, bisa dokar 2010, don biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Hanyar tara kuɗin da ta biya duk suna nan.

Na san akwai masu cewa ta zauna a gida mana, ai ciyarwa a kan miji take. Ciyarwa a kan miji take, ba musu. Amma masu wannan magana su ne in matansu sun tashi haihuwa suke cewa lallai sai likita mace, in sun kai 'ya'yansu mata makaranta suke neman malama. Likitar nan da malamar nan matan aure ne, haihuwa za su yi. Ba zai yiwu mu nemi aikinsu mu ƙi cikinsu ba. Ga kuma zawarawa, da matan da mazansu suka rasa aiki, da waɗanda albashinsu ne yake riƙe da iyayensu tsofaffi. Allah Maɗaukaki Ya siffanta ɗaukar ciki a Suratu Luƙman da rauni a kan rauni. Abin kunya ne a ce a cikin al'ummar da take karanta wannan aya ake zaɓar lokacin raunin a ƙwace wa mace abincinta.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka ɗauki gyaran sashe na 54 ka kai Majalisa, ko da kuwa babban ƙudurin sabunta dokokin ƙwadago da aka daɗe ana jira bai kammala ba. Kariya ta fara daga ranar da mace ta sanar da cikinta har bayan ta dawo daga hutu. Ta rufe kowace ma'aikaciya, ta dindindin da ta kwantiragi, ƙwararriya da lebura, kuma wurin da take yi wa aiki ya ɗauki alhaki tare da kamfanin da ya kawo ta. A soke ƙaramin sashe na 3. A kafa asusun haihuwa da kowane mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba ɗan kaso a ciki, ko maza zalla ya ɗauka, domin mazan nan ma ana haifa musu.

Abin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar jiran Majalisa. Ka zauna da Ministan Lafiya da shugaban NHIA ku fitar da ƙa'ida cewa duk macen da ciki ya same ta tana da rajista, katinta zai ci gaba da aiki har ta haihu ta yi arba'in, ko an sallame ta, ko ta ajiye, ko ma'aikatarta ta ƙi biya. Kamfanin HMO ya bi ma'aikatar bashi, kada ya bi mai naƙuda. Wanda kuma ya cire kuɗin inshora daga albashin ma'aikaci ya riƙe, a hukunta shi kamar kowane maci amana.

Ma'aikatarka tana da ofishi a kowace jiha, kuma doka ta ba jami'an ƙwadago ikon shiga wuraren aiki su duba takardu. A duk tsawon aikina ban ga wanda ya zo ya tambayi mata nawa ne suka tafi hutun haihuwa, nawa suka dawo, ko ya nemi rasiɗin biyan inshora ba. Ka tura su makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da bankuna, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, su nemi waɗannan takardu. Ka ware lambar waya da mace za ta kira ta kai kuka ba tare da an bayyana sunanta ba, a sanar da lambar a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunanmu, a kuma liƙa ta a ɗakunan awo.

Ina sauraron amsarka. Allah Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wata akantar makaranta, Kano.